Takardar da Inna Ta Ɗinke a Fata

Wata Asabar na raka autata kasuwar Souq Waqif, wai malamarsu ta ce kowa ya je ya ga shaho da idonsa ya zano shi. A layin masu tsuntsaye akwai wani dattijo zaune a kan tabarma yana ɗinka 'yar hular fatar nan da ake rufe wa shaho ido da ita. Na sunkuya in nuna wa yarinyar, sai warin fatar ya doki hancina. Jar fata ce sabuwar jima, da ɗan ɗacin nan da bagaruwa ke bari. Wallahi sai da na dafa bango. Yarinya tana ta jan rigata, Abba kalli wannan, Abba kalli wancan, ni kuwa na riga na bar Doha. Ina tsugune a ɗakin kakata, shekarata goma, ruwan marka yana zuba ta indararo.

Bari in ba ka labarin, ko na ji sauƙi a raina. Ban taɓa ba kowa shi cikakke ba, har matata.

Inna muke ce mata, mu da iyayenmu duka. Doguwar tsohuwa ce baƙa, sana'arta ƙuli-ƙuli, kullum zanenta yana ƙanshin man gyaɗa. Ni sunan mijinta na fari aka sa mini, don haka tun daga ranar suna bakinta bai taɓa kama sunana ba. Maigida take kirana. In na cika ta da ƙiriniya ta ce, "Wannan miji nawa, cefane babu, sai ci." Ni kuma in ce na sake ta, ta tsufa, yarinya zan nemo. Sai ta ce to in rubuto mata a takarda, tunda na zama ɗan boko. Ni ne kuwa na farko da aka sa a boko a gidanmu.

Mijin nata ban san shi ba, Baba ma bai san shi ba. In za ta yi maganarsa, kuma ba kasafai take yi ba, “mutumin nan” take cewa, tana kallon ƙasa. Ɗan limamin unguwarmu ne. Lokacin da Turawa suke ɗibar samari zuwa yaƙin Burma, ya sulale ya bi su, ya bar ta da cikin Baba. A gidan malamai kuwa, a ce ɗa ya sa kakin Nasara, abin ba ya faɗuwa. Don kada uban ya sa a kamo shi, bai shiga da sunansa ba. Ya ari wani suna, ya ari wani gari, domin a zamanin haka ake rubuta soja: sunan yanka da sunan gari, shi ke nan. Liman ya ce kada wanda ya ƙara ambatonsa a gidan. Da aka gama yaƙi, wani abokin tafiyarsa mai hannu ɗaya ya sami Inna a zauren iyayenta, ya gaya mata ciwo ya kama mutumin nan a daji, aka kai shi asibitin soja a wani gari na bakin teku, can ya cika. Ya miƙa mata wata 'yar takarda, ya kama hanya. Ba a sake ganinsa ba.

Baba kuma, ana yaye shi liman ya karɓe shi. Ya tashi yara suna yi masa gorin ɗan soja, ya girma da ƙin zancen. Inna ta sake aure har sau biyu, babu wanda ya yi ƙarko, da tsufa ya kama ta ta dawo gidan Baba. Ka kuma san ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in tana da magana da shi ni take aika, ko ta faɗa wa bango ya ji daga zaure. Uwa da ɗa a gida ɗaya, amma ban taɓa ganin sun zauna tabarma ɗaya ba. To ka ga, wa ya rage mata da za ta buɗe wa ciki in ba jika ba?

Takardar ba ta nuna wa kowa ba. Tsoronta gara da ruwa da idon mutane. Abin da ta sani a duniya shi ne, rubutu mai daraja a fata ake tsare shi. Sai ta kai wa baduku ya naɗe ta ya ɗinke a jar fata kamar laya, ta jefa a ƙasan adudunta tare da sauran layunta. Duk wanda ya gani zai ce laya ce.

Ranar da nake ba ka labari, ina aji huɗu. An kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, da hantsi ya ɗan tsagaita, abokaina suka taru a ƙofar gida da ƙwallo suna ƙwala mini kira. Na zo fita ke nan ta ce, "Maigida, zo." Ta saki labule. Ta zaro abin daga adudu, ta sa reza ta bi ɗinkin a hankali. Warin nan na fata ya cika ɗakin. Takardar ta yi ja-ja don tsufa, an ninke ta har ta kusa rabuwa, akwai tambarin kambin sarauta a sama, da wata doguwar lamba, da rubutun tafireta mai ruwan shuɗi.

Ta ce, "Karanta mini. A hankali, kada a ji."

Ina! Turanci ne, ni kuwa a lokacin Turancina bai wuce sunan tebur da kujera ba. Na yi ta haɗa baƙi ina tuntuɓe, har na iso wurin suna, wanda shi kam namu ne, na karanto shi tiryan-tiryan da ƙarfi, ina jin daɗin na iya wani abu. Kafin in rufe baki ta toshe mini shi da tafin hannunta, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce, "Ai ba sunan Kaka ba ne, Inna." Ta ce daga cikin mayafin, "Ko na aro ne, ai ya amsa shi."

Can ta buɗe fuska ta tambaye ni abin da ta yi shekara da shekaru tana son ji. "Sun faɗi inda suka sa shi? An yi masa salla?"

A waje na ji an fara raba 'yan wasa. In ban fita ba, gola za a sa ni. Na dubi takardar kamar mai karatu, na ce, "Sun ce an yi masa salla." Ta ce, "Alhamdu lillahi," sau uku, hawaye yana bin kumatunta. Ta cika mini aljihu da ƙuli-ƙuli, na fita da gudu. Washegari na raka ta wurin baduku aka mayar da ɗinkin. Ta ce kada in gaya wa kowa, ban kuwa gaya ba.

Ka ga abin haushi: na tuna mun ci biyu da ɗaya ran nan. Na tuna wanda ya fasa mini ɗan yatsa. Na tuna inda ninkin takardar ya huje, da yadda tafin hannun Inna yake ɗanɗanon gishiri. Sunan ne kawai ba na tunawa.

Ta rasu ina shekara goma sha huɗu, ana tsakar girbin gero. A shekarun nan Baba ya shiga sahun masu wa'azin a bar bidi'a. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, amma in ya ga abin da ya saɓa wa karatunsa, gidan kowa sai ya kama kansa. Bayan kwana uku mata suna fitar da kayanta, aka kife adudu, layu suka zubo: na haihuwa, na maganin baki, kambu, guru, da tamu a cikinsu. Baba ya tattara su a kasko a tsakar gida, ya ce in ɗauko kananzir. Goggonmu ta ce, "Yaya, da an farke an duba tukuna." Ya ce babu abin dubawa, Allah ya yafe wa tsohuwa abin da ba ta sani ba.

Ni na miƙa masa kwalbar. Ina tsaye, ina ganin tamu a gefen kasko, na gane ta da sabon ɗinkinta. Kalma ɗaya ta isa. Baba, wannan ba laya ba ce. Amma bakina ya yi nauyi. Na ji tsoron ya ce tun yaushe na sani, na ji tsoron ya ji na karanta wa uwarsa takardar Nasara a ɓoye. Kuma na ce a raina, to mene ne, ai sunan yana kaina. Haka yaro yake zato, duk abin da ya shiga kansa ya zauna ke nan. Fatar ta nannaɗe, ta yi baƙi, ƙaurinta ya yini a gidan. Sai da na shiga jami'a wata rana na laluba sunan, na tarar babu shi, ban kuma san yaushe ya fita ba.

Yanzu shekarata goma sha ɗaya a Doha, ina aikin injiniya a wajen gas, muna zaune a unguwar Ain Khaled da iyali. Baba ya haura tamanin. Yanar ido ta rufe masa gani, ƙafafu sun kumbura, likita ya ce zuciya ce, a dai yi ta lallaɓawa. Zafin nan duk ya tafi, sai ka ce ba shi ba. Bara da na je gida muna zaune a zaure bayan la'asar, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Kai da kake ƙasashen nan, ina suke binne sojojin Burma?" A wurinsa Doha da Burma maƙwabta ne, duk bayan teku suke. Na ce zan bincika. Ya ce, "Ina so in san inda ubana yake kwance kafin in bi shi. Ko hoto ne a nuna mini." Tunda nake ban taɓa jin kalmar ubana a bakinsa ba sai ran nan.

Da na dawo na shiga intanet. Ashe akwai masu kula da kaburburan sojojin yaƙin nan a ƙasashe daban-daban, kuma sun jera sunayen kowa yana iya dubawa. Na sa sunan kakana na gaskiya, babu. Na sa Nijeriya, sai ga su shafi bayan shafi: wane Kano, wane Sakkwato, wane Bauci, wane Zariya, wani sunan ma ya maimaitu har ka gaji, lamba ce kawai ta raba su. Na yi makonni ina bi. In na dawo daga aiki in zauna da kwamfuta, matata ta ce wai ko digiri na sake shiga. Na rubuta musu wasiƙa, suka amsa cikin mutunci, suka ce in turo sunan da ya shiga da shi ko lambarsa.

Akwai wanzamin da nake zuwa a unguwar Najma, mutumin Bangladesh, ya iya askin gashinmu, ga surutu. Wata rana yana yi mini aski na ɗan taɓa masa zancen. Ya ajiye almakashi. Ya ce shi ɗan Chittagong ne, garin bakin teku, kuma a garinsu akwai maƙabartar sojojin yaƙin nan, har da baƙaƙen fata 'yan Nijeriya. Wansa ma ya yi shekaru yana aikin ban ruwa da yankan ciyawa a cikinta kafin ya ajiye aiki. Da na ji bakin teku sai na tuna maganar mai hannu ɗayan nan. Ya ce in zo Juma'a da safe kafin ya buɗe shago, zai sa wan nasa ya shiga da waya ya nuna mini.

Na je. Ya aiko aka kawo mana shayin karak, muka zauna a kujerun aski, ya jingina wayar da madubi. Sai ga wurin. Ban san me na zata zan gani ba, amma ba wannan ba. Ciyawa kore shar an aske ta daidai, furanni, itatuwa, ga kaburbura a jere layi-layi, kowanne da ɗan allon ƙarfe a kan guntun dutse. Wan nasa dattijo ne, ya san layin mutanenmu, kai tsaye ya nufa. In ya zo kan kabari sai ya tsuguna, ya goge allon da gyalen kafaɗarsa, ya kanga wayar, ya jira in karanta. Akwai rubutun Larabci a kan na Musulmi, sai lamba, sai suna da gari. Waɗansu an sa shekarunsu, yara ne ƙanana, babban ɗana ya girme su.

Na zata in idona ya faɗa kan sunan zuciyata za ta shaida. Ta kuwa harba, amma sau uku, a kan kaburbura uku daban, abin da ya fi rashin harbawar ciwo. Wanzami yana ta cewa, "Wannan ne? Yalla, duba da kyau, wannan fa?" Ni sai girgiza kai. Na rufe ido ina kiran ɗakin Inna, labule, ruwan indararo, muryata tana karantowa da ƙarfi. Ina jin muryar, ina jin tashinta da saukarta, amma kalmomin babu. Har dattijon ya miƙe yana dafa ƙugu ya ce khalas, sun ƙare. Ya ƙara da cewa da yawa ma ba su da kabari, sunayensu kawai aka sassaƙa a bango a wata ƙasar. Na yi masa godiya. Shayin ya huce ban taɓa shi ba.

A mota na zauna na kasa tayarwa. Mutumin da gidansu ya hana a ambaci sunansa, wataƙila ga shi can baƙi suna goge masa allo, suna ba ciyawarsa ruwa shekara da shekaru, mutanen da ba su san ko me ake nufi da Kano ba. Inna kuwa, da muka kai ta, fasasshen tulu aka kafa a wajen kanta kamar yadda ake yi wa kowa. Damina biyu ta shafe wurin. Da na je ziyara na tambayi mai gadin maƙabarta, sai ya yi nuni da hannu ya haɗa sashe guda ya ce cikin nan take. Ba ƙorafi nake ba, haka muke yi, haka kuma za a yi mini. Amma ita na san sunanta ban san kabarinta ba, shi kuma wataƙila na kalli kabarinsa ido da ido na wuce.

Na ɗauki bidiyon duka. Da yamma na kira ƙanwata, ta kai wa Baba wayar zaure. Ta kanga masa a ido, ya ce kore kawai yake gani. "Karanto mini su," in ji shi. Na fara. Duk sunan da na kira sai ya ce, "Allah ya ji ƙansa," in kira na gaba. Bai tsallake ko ɗaya ba, har muryarsa ta dushe. Mutumin da na sha jin yana faɗa a kan masu rubutu a kabari, shi ne yake tambayata, "Ka ce ana share musu wurin? Har ruwa ake ba shi?" Na ce ana yi. Ya ce Allah ya saka musu.

Sai ya ce, "An yi musu salla kuwa?"

Tambayar nan dai. Wannan karon na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ina jin ƙarar carbinsa da kukan awaki a bayan gida. Na san yana jira in ce ga shi, wannan ne. Wallahi na yi tunanin in zaɓi ɗaya daga cikin ukun nan in ba shi, ya tafi da kwanciyar rai. Wa zai ƙaryata ni? Amma na taɓa yin irinta ina ɗan shekara goma, har yau ban gama jin nauyinta ba, kuma ba zan ba tsoho uban wani ya rungume ba.

Can ya gyara murya. "Wai ni kam, Inna ba ta bar komai ba? Kai ne ɗan ɗakinta. Ko 'yar takarda, ko wata lamba?"

Na ga kaskon. Na ga hannunsa yana ƙyasta ashana, na ga nawa da kwalba. Na dubi fuskarsa a waya, idanun sun yi fari, leɓen yana motsi. Idan na faɗa, ban ba shi uba ba, na dai ɗora masa abin da zai kwanta da shi har kabari.

Na ce, "Ba ta bar komai ba, Baba."

Ya ce, "Allah sarki. Da ta bari, ai da na adana."

'Ya'yana a nan aka haifi biyu daga cikinsu. Suna kiran sunan kowa gatsal, uwarsu ma sunana take kira, ba na jin komai. Hotunansu tun daga ranar haihuwa suna cikin waya, babu abin da zai ɓace musu, haka dai suke gani. Ranar nan a kasuwa, bayan yarinya ta gama zanenta, na koma wurin dattijon na sayi hular shahon guda. Ya tambaye ni girman tsuntsuna, na ce ba ni da tsuntsu. Hular tana cikin aljihun mota. In danja ta tsayar da ni a hanyar aiki sai in ciro ta in kai hanci, in rufe ido, in jira, har na baya ya yi mini hon. Ɗakin yana zuwa, ruwan yana zuwa, tafin hannunta ma yana zuwa. Jiya ƙanwata ta turo saƙo, wai numfashin Baba ya ƙara nauyi, kuma ya tambaya ko na samo. Na ce ta gaya masa ina kan nema.